Ana Zaton Wuta a Maƙera: Makomar Harry Potter da Abin da Ya Kuɓuce Mana



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya keɓanta da sanin gaibu, Yake rayawa Yake kashewa ba da shawarar kowa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Matashiya

A tsakar daren Juma'a, wayewar garin Asabar 21 ga watan Yuli na shekarar 2007, dubban mutane, yara da manya, suka yi dogayen layuka a ƙofar shagunan littattafai a Landan da New York da sauran manyan biranen duniya. Littafi na bakwai kuma na ƙarshe a jerin labarin Harry Potter ne zai fito, kuma tambaya guda ce ta hana su barci: shin yaron nan matsafi zai mutu a ƙarshen labari, ko kuwa zai rayu? Cikin sa'o'i 24 na farko an sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka kaɗai.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya tono wannan tsohon zance? Abin da ya tono shi shi ne zancen bai tsufa ba. A 2023 kamfanin da ya shirya finafinan ya sanar cewa zai sake ɗauko labarin tun daga tushe a matsayin shirin talabijin mai dogon zango, a 2025 kuma aka fara ɗauka. Ke nan ƙannenmu da 'ya'yanmu waɗanda ba a haifa ba a 2007 za su gamu da shi sabo fil a tafin hannunsu. Tsohuwar gardamar ma za ta dawo: wani ya ce haramun ne a ƙona, wani ya ce ai labari ne kawai a ƙyale yara su huta. Da'awata a wannan rubutu ita ce, ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Mun zuba ido a kan sandar tsafi da tsintsiya mai tashi sama, alhali abin da ya fi cancantar Musulmi ya lura da shi yana kwance ne cikin amsar waccan tambaya ta mutuwa da rayuwa.

Shekara biyu ana hasashe

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Marubuciyar, J.K. Rowling, 'yar Birtaniya ce, kuma ta fitar da littafi na farko a 1997. Harry maraya ne. Wani azzalumin matsafi mai suna Voldemort ya kashe iyayensa yana jariri, ya nemi hallaka shi shi ma, sai tsafin ya koma kan mai shi, saboda mahaifiyar yaron ta ba da ranta don ta kare ɗanta. Da ya cika shekara 11 aka kai shi makarantar koyon tsafi mai suna Hogwarts, kowane littafi kuwa shekara guda ce ta rayuwarsa.

A littafi na biyar, wanda ya fito a 2003, aka bayyana cewa tun kafin a haife shi wata mai duba, Sybill Trelawney, ta faɗi cewa za a haifi yaro a ƙarshen watan Yuli mai ikon kawar da azzalumin, kuma tilas ɗayansu ya mutu a hannun ɗayan. A na shida, a 2005, aka ƙara wani ƙulli: Voldemort ya tsattsaga ransa ta hanyar kisan kai, ya ɓoye kowane yanki a cikin wani abu, don haka ba zai mutu ba sai an lalata ma'ajiyoyin nan duka. Masu karanta Dare Dubu da Ɗaya sun san irin wannan dabara, ta aljanin da ya ɓoye ransa a cikin tsuntsu, tsuntsun kuma a cikin akwati. Littafin ya ƙare da kisan shugaban makarantar, Dumbledore, a hannun ɗaya daga cikin malamansa, Snape.

Daga nan kasuwar hasashe ta buɗe, ta ci shekara biyu cur. Snape maci amana ne, ko kuwa mai biyayya ne a ɓoye? Tabon da ke goshin Harry, ko shi ma alama ce ta ma'ajiyar rai? In haka ne, ashe sai ya mutu kafin azzalumi ya mutu? Abin bai tsaya ga yara ba. Kamfanonin caca a Birtaniya sun riƙa karɓar kuɗi a kan wanda zai mutu, har a 2005 wani kamfani ya dakatar da karɓa, saboda ya ga kuɗi suna kwararowa a kan sunan Dumbledore daga garin Bungay, inda maɗaba'ar da ke buga littafin take. A 2006 an wallafa littafi sukutum wanda babu komai a cikinsa sai hasashen abin da zai faru a na bakwai. A watan Agusta na wannan shekarar kuma, shahararrun marubuta biyu na Amurka, Stephen King da John Irving, suka roƙi Rowling a bainar jama'a a New York kada ta kashe yaron. Matasan Musulmi ma ba a bar su a baya ba, daga masu karantawa da Turanci zuwa masu karanta fassarar Larabci da aka buga a Masar, zuwa mu nan da muka riƙa bin finafinan a faifai.

Inda amsar ta ɓuya

To, me ya faru a ƙarshe? Harry ya gano cewa lalle akwai yankin ran azzalumin a jikinsa tun daren da aka kashe iyayensa. Sai ya taka da ƙafarsa zuwa dajin da ke gefen makaranta, ya tsaya gaban maƙiyinsa bai ɗaga sanda ba, ya bari aka jefe shi da tsafin kisa. Ya farka a wani farin wuri mai kama da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross da ke Landan, ya tarar da Dumbledore wanda ya riga ya mutu, aka ba shi zaɓi: ko ya wuce gaba, ko ya koma duniya. Ya zaɓi komawa. Sharrin da ke cikinsa ya mutu, shi kuwa ya tashi. Saboda kuma ya miƙa ransa domin jama'arsa, sai tsafin azzalumin ya daina kama su yadda ya saba.

Gaskiya ne marubuciyar ta bar wata 'yar ƙofa. An yi bayani cewa jininsa da Voldemort ya ɗiba a littafi na huɗu shi ya ɗaure shi da rayuwa, ma'ana bai gama mutuwa ba. Amma dubi ginin labarin gaba ɗaya: zaɓaɓɓe wanda aka yi bushara da shi kafin haihuwarsa, marar laifi, ya ɗauki sharrin da ba nasa ba, ya miƙa kansa ga kisa da son ransa, masoyansa suka yi kukan mutuwarsa, sai ga shi ya dawo, sadaukarwarsa ta zama garkuwa ga mabiyansa.

Ya ɗan uwana, ya 'yar uwata, a ina kuka taɓa jin irin wannan? Wannan ita ce aƙidar fansa, ginshiƙin addinin Kirista, an sanya mata rigar makaranta da tabarau. Kada a ce ni na ƙirƙira. Tun a shekarar 2000 Rowling ta shaida wa wata jarida a Kanada cewa idan ta cika magana a kan imaninta, mai karatu mai basira zai gane inda labarin ya dosa. Bayan littafin ƙarshe ya fito, a watan Oktoba na 2007, ta faɗa wa 'yan jarida a Los Angeles cewa kamannin da ke tsakanin labarinta da addini a fili yake a wurinta tun farko, ta yi shiru ne don kada ta tona ƙarshen. A cikin littafin kansa ta rubuta ayoyi biyu na Sabon Alkawari a kan duwatsun kaburbura: ɗaya daga wasiƙar farko ta Bulus zuwa ga Korintiyawa, a kan kabarin iyayen Harry, mai magana a kan rushe mutuwa, ɗayar kuma daga littafin Matta, a kan kabarin mahaifiyar Dumbledore da ƙanwarsa. Ta ce waɗannan ayoyi biyu su ne taƙaitaccen labarin baki ɗaya.

Ban ga laifinta ba. Mace ce ta yi rubutu daga abin da ta yi imani da shi, kuma haka kowane marubuci na gari yake yi. Laifin namu ne, da muka shekara biyu muna lissafin haruffa da ƙididdigar ma'ajiyoyin rai, ba mu tsaya mun tambayi daga wace rijiya ake ɗebo ruwan ba.

A ɗora shi a mizani

Alƙur'ani ya yi magana ƙarara a kan wannan gini. A Suratun Nisa'i, aya ta 157 da 158, Allah Ya kore cewa an kashe Annabi Isa (AS) ko an gicciye shi, Ya tabbatar da cewa ɗaukaka shi Ya yi zuwa gare Shi. A Suratul An'am aya ta 164, da Isra'i aya ta 15, da Najmi aya ta 38, an maimaita ƙa'ida guda: kowa da kayansa, ba a ɗora wa wani nauyin laifin wani. Tsira a Musulunci tana rataye da rahamar Allah, sannan da imani da aikin mutum da tubansa. Jinin wani, komai tsarkinsa, ba ya zama laya ga saura.

Wani zai ce, ai mu ma muna da sadaukarwa. Haƙiƙa muna da ita, kuma ta gaske. Sayyidina Aliyu (RA) ya kwanta a shimfiɗar Manzon Allah (SAW) daren hijira, masu takubba suna kewaye da gidan. Ɗalha bin Ubaidullahi (RA) ya kare Annabi da hannunsa a Uhudu har hannun ya shanye. Ko kusa ba na sukar jaruntaka, kuma wannan ɓangare na halin Harry abin yabo ne. Bambancin yana wurin abin da ke bayan mutuwa. A wannan yaƙi na Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Abdullahi bin Amru bin Haram (RA), mahaifin Jabir, ya yi shahada. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga Jabir cikin baƙin ciki, sai ya yi masa albishir cewa Allah Ya yi magana da mahaifinsa, Ya ce ya roƙi abin da yake so. Abdullahi ya roƙi a mayar da shi duniya don a sake kashe shi saboda Allah. Sai aka amsa masa cewa hukunci ya riga ya gabata, waɗanda suka tafi ba sa komawa.

Tsaya ka kwatanta. Shahidi, sahabi, wanda Ubangiji Ya girmama da magana, ya roƙi komawa da mafi kyawun niyya, ba a ba shi ba. Yaro matsafi kuwa a tashar jirgi aka ce masa zaɓi na hannunsa. A kan hanyarsa ta zuwa dajin ma ya juya wani dutse, iyayensa da ubangidansa Sirius da malaminsa Lupin suka fito daga cikin matattu suka raka shi. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da 100, ta ba mu labarin mai roƙon a mayar da shi, da amsar da zai samu, da shamakin barzahu da ke tsaye har ranar tashi. Yaron da ya zubar da hawaye a kan babin dajin nan, amma bai taɓa jin labarin mahaifin Jabir ba, wace sura ta mutuwa ce ta riga shiga zuciyarsa?

Haka batun duba. Don adalci, littattafan suna yi wa darasin duba ba'a, kuma Dumbledore ya nuna wa Harry cewa maganar mai duban ta sami ƙarfi ne saboda Voldemort ya gaskata ta ya yi aiki da ita. Trelawney yawancin maganarta shirme ce, sau biyu kawai ta faɗi abin da ya tabbata. Abin mamaki, wannan ita ce siffar boka a hadisin Nana A'isha (RA) da ke cikin Buhari da Muslim: kalma guda ta gaskiya da aljani ya fizgo, a cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Sai dai hukuncin ya sha bamban. A labarin, wannan kalma guda ana adana ta a ma'aikata cikin ƙwallon gilashi, ana zubar da jini a kanta, makomar duniya tana juyawa a kanta. A wurinmu kuwa an rufe ƙofar ne gaba ɗaya: Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Suratun Namli aya ta 65 ta keɓe sanin gaibu ga Allah Shi kaɗai.

Ga masu cewa labari ne kawai

Wannan ita ce hujjar da aka fi jefa mana, kuma ita ce mafi rauni. Da labari ba ya aiki a zuciya, da ba a kwana a titi saboda shi ba, da ba a sa kuɗin caca a kansa ba. Alƙur'ani ya cika Suratu Yusuf da bayyana cewa a cikin ƙissoshi akwai izina ga masu hankali. Ƙuraishawa ma sun san ƙarfin labari: masu tarihin Annabi sun kawo cewa Nadru bin Haris yakan zauna inda Manzo ya tashi, ya riƙa ba mutane labarin Rustum da Isfandiyar na Farisa don ya janye hankalinsu. Ban ce Rowling Nadru ce ba, niyyarsu ba ɗaya ba ce. Abin da nake cewa shi ne, wa'azi yana ƙwanƙwasa ƙofa ne mutum ya shirya masa, labari kuwa ta taga yake shiga.

Suna kuma cewa tsafin Harry ba irin sihirin da Suratul Baƙara ta ambata a aya ta 102 ba ne, tunda ba a kiran aljani, ba a yanka wa kowa, baiwa ce da ake haihuwar yaro da ita. Na yarda akwai bambanci, kuma ba wanda zai koyi sihiri daga waɗannan kalmomi na bogi. Amma a lura da inda aka rubuta labarin. Tun 1735 dokar Birtaniya ta daina ɗaukar maita a matsayin abu mai aukuwa, ta koma hukunta mai da'awarta a matsayin ɗan damfara, a 1951 kuma aka soke dokar. A can, matsafi mushen zaki ne, yaro na iya wasa da gashinsa. A nan kuwa zakin yana da rai. Boka yana da layin masu jira, ana zuwa neman mallaka da farraƙu da kurciya, aure yana mutuwa, zumunci yana yankewa saboda zargin sammu. Manzon Allah (SAW) ya lissafa sihiri cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, daf da shirka, Suratu Ɗaha kuma a aya ta 69 ta yanke cewa masihirci ba ya rabauta ko ta ina ya ɓullo. A irin wannan ƙasa, mayar da kalmar matsafi laƙabin jarumi ba ƙaramin abu ba ne.

Ga masu ashana da kananzir

Ku ma ba ku tsira ba. A watan Disamba na 2001 wata majami'a a garin Alamogordo na jihar New Mexico ta ƙona littattafan a bainar jama'a. A 2002 hukumar ilimi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana su shiga makarantu. Me aka samu? Zuwa 2018 an sayar da sama da kwafi miliyan 500, an kuma fassara su zuwa harsuna sama da 80. Abin dariyar ma, masu ƙonawar nan littafin da aka gina a kan aƙidarsu suka cinna wa wuta, don ba su jira ƙarshensa ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda wasu daga cikinmu suka kwaso hujjojin waɗancan ɗungurungum ba tare da bincike ba. A shekarar 2000 wata jaridar barkwanci ta Amurka, The Onion, ta ƙaga labarin cewa yara suna tururuwa zuwa bautar Shaiɗan saboda Harry Potter. Wasa suke yi, amma aka riƙa yaɗa shi ta wasiƙun intanet a matsayin gaskiya shekara da shekaru. Ina umarnin tantance labari da ke Suratul Hujurat aya ta 6? Yaron da ya karanta littafin ya san ƙarya ake faɗa masa. Ranar da ya kama babba da ƙarya a ƙaramin abu, ranar ya daina sauraronsa a babban abu. Ta haka muka yi ta ihu a maƙera, wuta tana ci a masaƙa.

Kammalawa

Hukuncin halas da haram na malamai ne, kuma a tambaye su. Nawa shi ne nasiha ga ɗan uwa mai waya a hannu, wanda shirin nan zai iske ko ya so ko bai so ba. Duk labarin da ka ɗauka, ka yi masa tambaya kafin ya yi maka tarbiyya: wa ke da iko da rai da mutuwa a cikin wannan duniya da aka ƙaga? Ta wace hanya ake tsira a cikinta? Wa ya san gobe? In ka iya amsa waɗannan, kai ke riƙe da linzamin littafin. Yayye da iyaye kuma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku zauna da yaran, ku ji abin da ya burge su, ku yaba abin yabo kamar amana da jaruntaka da ƙin wariyar jini, sannan ku nuna musu inda hanya ta rabu. Ku tabbata labarin Uhudu ya riga labarin Hogwarts isa kunnuwansu.

Masu baiwar alƙalami a cikinmu kuwa, ƙorafi ya isa haka. Gasar rubutu ta 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, labaran tafiye-tafiye da al'ajabi da suka riƙe yara tsawon zamani. Rowling ta ɗebo daga rijiyarta ba ta ji kunya ba. Tamu rijiyar ba ta ƙafe ba, guga ne muka ajiye.

Daga ƙarshe, ko kun san inda jarumin ya ƙare bayan duk wannan hasashe? A wasan dandamali da aka fara nunawa a Landan a 2016, an gan shi magidanci mai 'ya'ya uku, babban ma'aikaci a ofishin gwamnatin matsafa, takardu sun taru a teburinsa. Makomarsa ta bayyana, an rufe littafi. Tamu makomar ce ba ta bayyana ba, kuma babu shagon da za a yi layi a saye ta da tsakar dare. Suratul Hashri aya ta 18 ta umarci kowannenmu ya duba abin da ya gabatar domin gobe. Wannan shi ne dubawar da aka halatta mana, kuma ita muka fi sakaci da ita.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin masihirta da 'yan duba, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, amin.